Dokar Katako

Maigidana ya yi sojan Faransa. Da ya dawo Damargu, ya zo da ciwon gwiwa da kuma labarin jirgin ƙasa mai tafiya cikin rami a ƙarƙashin birnin Paris. A ƙauyenmu, kusa da Olelewa, babu wanda bai sha jin labarin nan ba. Ya ce da can taragon jirgin na katako ne, sai wata rana wuta ta kama a cikin ramin, hayaƙi ya rasa mafita, mutane da yawa suka mutu. Daga nan hukuma ta yi ta tsaurara doka, ana janye na katako ana sa na ƙarfe. Tun kafin a haife shi aka yi abin, wani tsohon ma'aikacin jirgin ne ya faɗa masa.

Ban taɓa shakkar labarin ba. Wutsiyar da ya ƙara masa ce ƙarya.

Bayan samun ƴancin kai, babbar motar da ke kai mu Damagaram daga Tanut bayanta duk katako ne, gidan direba kaɗai ne ƙarfe. Duk ranar tafiya sai maigidana ya sa kakinsa, ya maƙala lamba a ƙirji, ya tunkari direba.

"Yaro, ka dai san doka. Tun wutar Paris aka hana tsohon soja shiga katako."

Direban saurayi ne Babarbare mai kunya. Sai ya buɗe masa ƙofa. Ni kuwa a tura ni baya, bisa buhunan gyaɗa, awaki na taka mini zane.

Wata shekara bayan girbi za mu sunan jikar yayata, ga bayana yana ciwo. Maigidana ya gama karanta dokarsa a tasha, ya ɗaga ƙafa zai hau, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, ina da tambaya. Wutar nan sojoji kaɗai ta ci?"

"Haba! Har mata da yara."

"To, dokar ba ta ce komai ba kan matar soja?"

Masu sayar da fura suka bar damu suna kallonmu. Ya gyara hula, ya yi tari, ya ce ai dokar ta haɗa da iyali, mantawa ya yi.

Direba ya sunkuyar da kai yana danne dariya. "Baba, wuri ɗaya ya rage, mai kaya ya kama ɗayan. Kai ka saba da wuta a fagen yaƙi. Iya ba ta saba ba."

Haka maigidana ya kama katako ya hau, gwiwa tana ƙara, ni kuma na shige gaba ina gyara kallabi.

Ba mu yi nisa ba na gane abin da na jawo wa kaina. Zafin inji yana dafa mini tafin ƙafa, warin mai yana cika mini hanci, mai kaya yana ta tofar da goro ta gabana. Daga bayan mota kuwa sai shewa nake ji.

Da muka tsaya salla, maigidana ya sauko fuska a sake. Akuya ta cinye masa bakin aljihu, bai ko kula ba. Ya samu mota guda ta mutanen da ba su taɓa jin labarin Paris ba, har wani Buzu ya roƙe shi ya maimaita wurin hayaƙin.

"Yaya gaba?" ya tambaye ni.

"Sanyi ƙalau," na ce, ina ɓoye ƙafafuna cikin zane.

Daga ranar bai sake neman gaba ba. Direba kuwa da ya hango ni sai ya buɗe ƙofa da ladabi, mutane su ba ni hanya. Ban iya cewa a'a ba. Na yi shekaru ina gasuwa, sai dai in jiƙa tsumma tun daga gida in naɗe ƙafa.