Ruwan Tafkin da Na Sha a Madadinsu

A shekarun tamanin ni budurwa ce mai rawar kai, ina taimaka wa nas-nas a wani ƙaramin asibiti a Minna. Mahaifina Bahaushe ne ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyata kuwa Bagwariya ce daga wani ƙauye a bayan Kuta, don haka ina jin harshen kowane ɓangare. Abin da ya ja mini ke nan. Wasu malaman jami'a suka zo binciken ciwon kurkunu, suna neman tafinta, aka nuna ni. Babbansu, wani likita mai daɗin baki, ya ce in aka gama za a haƙa wa mutane rijiyar burtsatse. Jikina na rawa na kai su garin kawunnaina.

A can ba a buɗe magana da baƙo sai ya sha ruwa. Kawuna, wanda shi ne mai gari, ya miƙo ƙwarya cike da ruwan tafkin da kowa ke sha, ruwan da likitan ya gama gaya mini a mota cewa shi ne tushen ciwon. Likitan ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya ce da Turanci in sha a madadinsu, in ba haka ba, ba aiki ba rijiya. Na runtse ido na shanye. Nan take mutane suka saki jiki. Tsofaffi suka kware ƙafafunsu aka ɗauki hoto, aka ɗebi jinin yara, duk don 'yarsu ta ce a yarda.

Tun da motarsu ta juya, shiru kake ji. Na yi ta sintiri zuwa jami'arsu kan maganar rijiyar har takalmina ya cinye. Daga ƙarshe wani ƙaramin malaminsu ya ce mini, ko kunya babu, likita ya tafi ƙasar waje da sakamakon, kuma su bincike ya kawo su, haƙa rijiya aikin gwamnati ne. Wallahi ban san lokacin da na zage shi ba.

Da shekara ta zagayo, idon sawuna ya yi ƙurji mai zafin wuta, kurkunu ya leƙo. Ina kwance ina naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan kawu ya zo duba ni da doya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce, "'Yata, ke dai kin sha namu. Mu ne har yau ba mu sha naku ba."

Bincike ba laifi ba ne, amma ku matasa da ake ɗauka tafinta, kada ku ari bakin wani ku yi wa danginku alkawari. Shi zai hau mota ya tafi, ku za a riƙa gani. Tabon yana ƙafata har yanzu, kuma kawu ya rasu ban iya sake taka garinsa ba.