Turken da ya yi ganye

Ni dai ba malami ba ne. Na yi makaranta har zuwa ranar da malamin lissafi ya je gida ya roƙi ubana, don girman Allah, ya kai ni wajen mai gyaran keke. Amma wanda ya tsufa yana facin taya ya san halin ɗan Adam, domin na ga mutane iri-iri suna rantsuwa sauri suke yi, kuma ba su tashi daga bencina ba sai da shayi ya ƙare. Saboda haka a saurare ni da ladabi.

Yanzu ina zaune a gidan 'yata Amna a Omdurman ta ƙasar Sudan, jakata a ɗaure a bayan ƙofa. Gidana yana Alhilla Kuku, hayin kogi, inda yaƙi ya kore ni. Can zan koma bayan Sallah. Jikata Salma, wadda ta fara jami'a kafin a rufe, ta ce wannan ciwon nawa na kullum gobe zan koma yana da suna a littafi. Na ce ta bar littafin ya huta. Kakata ta san ciwon tun ba a haifi marubucin ba, ta iya ba da labarinsa da daɗi, kuma shi ne ya kai ta kabari.

Habboba muke ce mata, kamar yadda yaran Larabawa maƙwabta ke kiran tasu. Tana amarya suka fito daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja ita da mijinta, a ƙafa, za su Makka. Suka tsaya tsinkar auduga don guzuri, suka tsaya haihuwa, suka tsaya jinya, mijin ya rasu a nan Omdurman. Duk da haka ba ta taɓa yarda zama take yi ba. Tana da ƙunshi a rataye: farin yadi, ƙaramar buta, da takalman da ba su taɓa taka ƙasa ba. Kuma tana da doka, irin ta tsofaffinmu da yawa: ba a dasa itace a gidanmu. Masara ko kuɓewa, abin da za a ci kafin a tashi, wannan an yarda. Itace kuwa, a'a. Wata maƙwabciya ta taɓa kawo mata dashen lemun tsami, ta yi godiya har da sa albarka, matar na fita ta miƙa wa akuya.

“Mu wucewa muke yi,” in ji ta. “Wa zai tsaya jiran lemo?”

Bayan magariba takan jawo murhun gawayi tsakar gida, ta ɗora gahawa, mu kuma mu cunkusu a kan angarib, gadon igiyar nan da ke kuka kamar ana yanka shi. Sai ta kaɗa mafici, wuta ta yi ja, ta buɗe tatsuniya da cewa, “Ga wata nan tafe, ƙafarta duk ƙura.” Mu ce, “Ta zauna ta sha ruwa.” Tana da labarai da yawa, amma akwai ɗaya da take maimaitawa har muka haddace inda za ta yi tari.

Wani mutum ne, in ji ta, ya nufi gabas da jakinsa. Ƙaya ta soke shi a bakin wani gari, ya ce bari ya tsaya ya cire. Ya sari ɗanyen reshen ceɗiya, ya kafa turke, ya ɗaure jaki. Kafin ƙaya ta fita rana ta faɗi. Da safe mai masaukinsa na da suna, ai ba a tafiya a bar nama. Washegari hadari ya haɗo. Bayan ruwa hanya ta yi caɓi. Ana nan sai yara suka zo suka ce, “Malam, turkenka ya yi ganye.”

A nan Habboba kan kumbura kumatu ta yi muryar mutumin: “Ina ruwana? Ni ban dasa komai ba. Jaki na ɗaure!”

Mu fashe da dariya har gado ya yi ƙara.

Mutumin ya yi aure, wai don a riƙa dafa masa guzuri. Ya haifi 'ya'ya, wai don su taya shi kora. Jaki ya tsufa ya mutu, bai kwance igiyar ba, ya ce ta jira sabo. Turke ya zama ceɗiya, har kasuwa ta fara ci a ƙarƙashinta. Ran da furfura ta gama cin kansa ya tashi da asuba ya ce yau kam sai gabas. Ya je kwance igiyarsa, ya tarar itace ya haɗiye ta, ɗan bakinta kawai ke leƙowa daga cikin ɓawo. Ya ja, ya ja. Sai ya zauna a inuwa ya ce, “To, gobe a nemo mini wuƙa.”

“Sai me, Habboba?”

“Sai me kuma? Yana can yana jiran wuƙa. Ku tashi ku wanke ƙafa.”

Wata rana, da yake tun ina yaro hazaƙa ke damuna, na dubi ƙunshin nan a rataye na ce, “Habboba, wannan mutumin ba ke ce ba?”

Mafici ya sauka a ƙeyata.

“Ɗan banza mai kunnen jemage! Shi wawa ne, ya kafa turke. Ni ka ga na kafa wani abu a gidan nan? Baɗi in Allah ya yarda za ka gani.”

Na ga baɗi da yawa. Ran da ta rasu aka sauko da ƙunshin, aka yi mata likkafani da farin yadin. Butar ta yi tsatsa. Takalman wata gwaggo ta gwada, suka tsinke a hannunta.

Ga sakamakon bincikena, kuma ban karɓi ko sisi a kansa ba. Mutum yana iya ganin halinsa tsirara a cikin labari, ya yi dariya har da hawaye, ya gane maƙwabcinsa a ciki, ya gane surukinsa, shi kaɗai ne ba zai gane ba. Ba ƙarya Habboba take yi ba. Idan ta kwance ƙunshin nan, ta yarda mijinta ya mutu a kan hanyar da ba ta kai ko'ina ba. Ta gwammace ta yi ta ba mu dariya da wani wawa mai jaki.

Ni na ce ba zan gaji wannan ba. Da na yi aure na haye gada zuwa gabas, na sami fili a Kuku, na yi gini da jan bulo. Nakan yi wa dangi gori cewa duk zuriyarmu ni ne na fi matsawa kusa da Makka. Kuma na dasa lemun tsami a tsakar gida, a ƙasa, da rana tsaka kowa na kallo. Marigayiya matata ce ta riƙe dashen ni ina tura ƙasa. A inuwarsa aka raɗa wa Amna suna. Na ɗauka na warke.

Da harbi ya yi yawa Amna ta aiko a ɗauke ni. Na zuba wa lemon bokitin ruwa, na kulle ƙofa, na gaya masa kwana biyu ne. Na sake haye kogi, wannan karon zuwa yamma. Ɗan abin da na ƙara wa tafiyar kakanni, na mayar da shi a yini ɗaya.

Da hanya ta buɗe mijin Amna ya je dubawa. Ya dawo yana ta wanke hannu, ya ƙi haɗa ido da ni.

“Gida na nan, Baba.”

“Lemon fa?”

“Bangon dai na nan. Ƙofa da taga da kwano an kwashe.”

“Lemo na tambaye ka.”

“An yi girki da shi, Baba. Mutane sun sha wuya.”

Ba ruwa a unguwar, ba wuta. Maƙwabtan da muke shan shayi tare, wasu suna garin Gadarif, wasu Masar, wasu suna kwance a filin da yara ke ƙwallo. Na ce ba komai, bayan Sallah zan je in gyara. Wannan Sallar ta wuce, wata ma ta bi ta.

Amna ta gaji da ganina ina kallon bango, ta sayo dashen lemo a gwangwanin madara. “Baba, ka dasa mana a nan mana. Ga wuri kusa da randa.”

Na ce Allah ya kiyaye. Na Kuku ne, a gwangwaninsa zai zauna har mu tafi tare. Na ajiye shi gindin randa inda ruwa ke ɗiga, ina duba shi safe da yamma.

Shekaranjiya Salma tana shara, ta sunkuya za ta gusar da gwangwanin. Ya ƙi ɗaguwa. Ta ja da hannu biyu, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi. Gindin gwangwanin ya ruɓe da tsatsa, saiwa ta huda ta shige ƙasar gidan Amna.

“Ya Jiddu,” ta ce, yadda Larabawa ke kiran kaka, “shi ke nan, lemonka ya kama. In cire?”

Na dubi jakata a bayan ƙofa. Ƙura ta kwanta a kanta, gizo-gizo ya haɗa hannunta da bango.

“Bar shi,” na ce. “Ni ban dasa komai ba. Ajiyewa na yi.”

Ta yi dariya, don na taɓa ba ta labarin mai jaki. Ni ma na buɗe baki zan taya ta, sai na ji babu abin da ya fito.