Hular da Na Sa Zuwa Neman Aure a Rigasa

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da na jagoranci neman auren ƙanena ba.

A lokacin ni ɗan gayu ne na ƙin ƙarawa. Duk Unguwar Shanu an san ni da guga da turare, kuma bakina ba ya shiru in na ga ƙazanta a jikin wani. Sai ga tsattsewa ta yi sheƙa a barandarmu. Matata ta yi ta mita cewa wurin ya fara wari, na ce a bar ta, mahaifiyarmu ta sha faɗa cewa tsuntsun nan albarka ne a gida. A ƙusar da ke ƙarƙashin sheƙar nake rataye hulata ta fita kunya.

Ranar na ciro ta na kafa ba tare da na duba cikinta ba, muka nufi Rigasa. Wan mahaifin yarinyar ne ya karɓe mu, dattijo mai ƙarancin magana, wanda aka ce ya sha korar manema. Ƙanena kuwa ya ce in ba ita ba sai dai ya zauna gwauro.

Ina cikin jero asalinmu sai na ji abu yana tafiya a goshina. Na ɗauka gumi ne. Da na sunkuya, sai ga tsutsa ta faɗo kan darduma, fara ƙal, tana motsi. Ta biyu ta biyo ta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon ya gani, don mun haɗa ido. Sai ya jawo farantin goro a hankali ya ɗora a kansu.

"Zafin nan ya yi yawa," in ji shi. "Ku cire huluna ku sha iska, nan gida ne."

Shi ya fara cire tasa, kowa ya bi. Na tura tawa ƙarƙashin babbar riga. Bai sake kallon goshina ba har ya ce sun ba mu.

Da na koma gida na taka kujera na leƙa sheƙar. 'Ya'yan tsuntsun biyu sun mutu, na ukun yana numfashi da ƙyar, tsutsar ƙuda ta cika masa ƙarƙashin fiffike tana shan jininsa. Waɗanda suka ƙoshi ne suke gangarowa su ɓuya cikin hulata.

Na daɗe ina jiran ranar da labarin zai fito ya zama abin tsokana tsakanin dangi. Har dattijon ya rasu bai gaya wa kowa ba, ƙanena ma bai sani ba. Da a ce ni na ga tsutsa a kan wani, da kafin la'asar unguwa ta ji. Tun daga ranar, in na ga abin kunyar mutum, farantin da zan rufe masa nake fara nema.