Tarin Mai Ganga

Aikina cire tari ne. Shekara ashirin da ɗoriya ina zaune a wani ƙaramin ɗaki na gidan rediyo a Washington, abin saurare a kunne, ina bin muryoyin mutane ina tsince musu datti. Ɗan siyasa ya yi gyaran murya, in cire. Wakilinmu ya aiko da rahoto daga kasuwa, babur ya wuce, in cire. Har numfashi in ya yi tsawo sai na rage shi. Nakan ce wa abokan aiki babu muryar da ba zan iya wankewa ba, kuma ba da wasa nake faɗa ba.

'Yata, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Uwata, kunnenta wata hanya ya bi. A Hyattsville, nan kusa da Washington, aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in na yi mata magana da Turanci take mayar mini, a gajarce, idonta na kan waya. Tun tana sakandare ta faɗa wa kiɗan wasu mutane da ba su da kamfani, ba su da shugaba. Gungun abokai ne, kowa yana da ƙungiyarsa, kowa kuma yana kaɗa wa ɗan'uwansa. A kicin suke ɗaukar waƙa, ko a ɗakin ƙasa, da tsohuwar rikoda. Za ka ji gita na ƙara kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, ga ƙararrawar keke, ga wani yana goga wa zarto baka irin na goge, sai kuma a juya sautin baya, muryoyi su riƙa shawagi. A ƙarƙashin wannan hayaniya akwai waƙa mai zaƙi, ban musa ba. Amma ni duk sanda na wuce ƙofar ɗakinta hannuna ƙaiƙayi yake yi, so nake in gyara.

Masoyansu ma haka suke, bambaraƙwai. Suna aika wa juna kaset ta gidan waya, suna zana bangonsa da hannu, suna zaman musu a kan ko ƙarar da aka ji a wata waƙa ƙofa ce ko kujera. Uwata tana cikin masu tattara tsofaffin kasakasai don kada su ɓace. Na sha yi mata tsiya, in ce mutanenki su zo in koya musu inda ake ajiye makirfo. Ba ta dariya.

Wata Asabar da hantsi ina shan shayi ta shigo falo, ta tsaya a kaina, ta ce, “Baba, ina so ka taimake ni.”

Da Hausa ta faɗa. Sai da na ajiye kofin. Na manta rabon da ta nemi wani abu a wurina, balle da bakinmu.

Kaset ne a hannunta, a naɗe cikin kyalle. Sauran bayanin da Turanci ta yi shi. Wata dattijuwa ce a Beltsville, wani gari kusa da mu, cikin waɗanda suka fara gungun, ta ba ta. An ɗauke shi a kicin ɗinta tun kafin a haifi Uwata, babu wanda ya taɓa ji sai waɗanda suka kaɗa, kuma shi kaɗai ne a duniya. Ran Lahadi ta sama masoya za su taru a bayan gidan matar su saurara. Zaren ya tsufa, ana tsoron sa shi a kowace irin rikoda, ita kuwa Uwata ta bugi ƙirji ta ce babanta gwani ne.

Kaina ya kumbura. Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Na sa kaset ɗin sau ɗaya, na juye shi cikin kwamfuta. Da na buɗe rikodar sai na ga zaren ya zubar da wani jan gari a kanta, alamar ba zai sake fitar da sauti yadda ya kamata ba. Ban damu ba, ai na kwashe. Na saurara. Waƙoƙi shida, masu daɗi ƙwarai, amma datti kamar me. Firji na gunji a baya tun farko har ƙarshe. Kare ya yi haushi. Cokali ya faɗi. Ga wani mutum da ke tari kafin kowace waƙa, sau biyu, gajere.

Na naɗe hannun riga. Kwana uku ina dawowa daga aiki in zauna a kansa har magariba. Na kashe firji, na kori kare, na ɗauke cokali, na share shuuu ɗin zaren gaba ɗaya, mai tari kuma na yi masa magani. Sannan na yi abin da muke yi kullum a wurin aiki, inda labari ba ya jira kuma babu mai tambayar tarin jiya: na adana gyararren a kan na asali.

Ran Laraba na kira ta, na sa mata abin saurare, na harɗe hannu ina jiran yabo. Ta yi minti ɗaya tana ji. Fuskarta ta canja. Ta cire, ta ce, “Ina ɗakin?”

“Wane ɗaki?”

“Kicin ɗin, Baba. Ina ya tafi? Ina tarin?”

Na ce na wanke mata shi tas, ko a rediyo za a iya sawa. Ta tambayi na asali. Na ce na adana gyararren a kansa. Ta ɗauki kaset ɗin ta sa a rikoda, sai wani sauti ya fito can ƙasa-ƙasa, kamar ana kiɗa a cikin bargo. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Da Turanci ta ce mini mai tarin shi ne mai gangarsu, mijin matar, ya rasu bara, kuma saboda shi ake taron. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa a hankali.

Farko haushi na ji. Ni za a koya wa sauti? Na yi ta zagaye falo ina faɗa ni kaɗai. Daga baya haushin ya wuce. Na kasa zaune, na kasa tsaye. Washegari a jirgin ƙasa na wuce tashata ban sani ba. A wurin aiki wani baƙo ya yi tari a tsakiyar hira, na ɗora hannu zan cire, na tsaya ina kallonsa har mai gabatarwa ta leƙo ta ce, “Malam, lafiya?”

Abu ɗaya ya rage mini. Tun zamanin da muke yanka zare da reza, maigidana na farko a Kaduna ya hana mu zubar da guntaye sai shiri ya fita, mukan rataya su a wuya. Wannan hali ya biyo ni cikin kwamfuta: abin da na yanke ina jefa shi a wata ma'ajiya. Na buɗe, ga su nan birjik, tari da haushi da cokali, amma babu alamar inda kowanne ya fito. Gunjin firji da shuuu ɗin zare kuwa sun tafi, domin su ba yanka su na yi ba, goge su na yi.

Na ɗauki hutun kwana biyu. Ni da na yi shekaru ina cire tari, sai ga ni bayan sallar asuba ina mayar da shi ɗaya bayan ɗaya, ina lalube da kunne. In sa nan, in ji bai zauna ba, in matsar. In tashi in leƙa taga, in dawo. Shuuu ɗin na samo shi daga wutsiyar kaset ɗin, inda ba a ɗauki komai ba, na shimfiɗa shi a ƙasa. Firji ban samu ba. Na yi tunanin ɗaukar namu, na ga ƙarya ce za ta yi yawa, na bari. Uwata takan leƙo ta bayana ta wuce.

Ran Lahadi da la'asar muka tafi Beltsville. Mutum kamar talatin a bayan gida, masu furfura da 'yan makaranta, kowa ya zo da kwanon abinci. Kafin a kunna na je wurin dattijuwar na faɗa mata abin da na yi, ban rage komai ba. Ta dube ni ta ce mu ji tukuna.

Aka kunna. Tari biyu, ganga ta shiga. Wasu suka sa hannu a baki. Matar ta rufe ido har aka gama waƙa ta shida. Sannan ta ce mini mijinta ba ya iya ƙirga wa mutane ɗaya, biyu, kunya yake ji, sai ya yi tari, kowa ya san lokacin shiga ya yi. Ta ce a waƙoƙi biyar tarin ya zauna daidai. A ta huɗu kuwa ya makara kaɗan, shi kuma bai taɓa makara ba. Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ce firjin ma ba ta yi kewarsa ba, dama ta tsane shi. Aka yi dariya, ni ban iya ba.

A hanyar gida, muna tsaye a danja, Uwata ta ce, “Kaset ɗin Kaka ma ka wanke shi?”

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, a kaset take aiko mini da saƙo daga Zariya. Guda ɗaya ya rage, na juye shi tuntuni, na gyara, na asalin ya ɓace a wani tashin gida. Shi nake sa wa Uwata tun tana ƙarama don ta san muryar mai sunanta.

Na ce, “Na wanke.”

Ta ce ita duk tsawon rayuwarta ta ɗauka Kaka ita kaɗai take zaune a gidan, shi ya sa ba ta son ji, tausayi yake ba ta.

Na gangara gefen titi na tsaya. Muryar tana cikin wayata, na kunna. Mahaifiyata ta yi sallama, tsaf, babu komai a bayanta. Na dakatar. Na ce a nan keken ɗinkin maƙwabcinmu yake ta ƙara. Na sake kunnawa, na dakatar. Nan jirgin ƙasa ya yi kuka, shi ya sa ta ɗaga murya. Nan ƙanwata ta fashe da dariya, aka kore ta. Muka zo wani wuri da Inna ta ce “sannu” ba tare da dalili ba, ta ci gaba da magana. Na sake dakatarwa.

“Nan kakanki ne ya yi tari,” na ce. “Muryarsa ke nan kaɗai da nake da ita, ita ma na cire.”

Motoci suna ta wucewa. Uwata ta karɓi wayar daga hannuna, ta mayar da ita baya kaɗan, ta ce da Hausa, “Sake faɗa mini, Baba. Daga farko.”