Kawu da Mazaunin Amfilifaya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, a maɗaba'a ya ƙare ƙuruciyarsa, a gindin wata tsohuwar na'urar buga takardu mai ƙara kamar ana fasa dutse. Lokacin da ya yi ritaya, in kana son ya ji ka, sai ka zagayo ta kunnensa na dama ka ɗaga murya. Wannan bawan Allah ne ya zauna gida ya gano cewa kaf unguwar babu mai kunne irin nasa.

Abin ya faro ne daga wata amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta hannu da ya sayo, baƙa, mai nauyi kamar batirin tirela. Ya haɗa ta da sifiku biyu a falo, ya ɗora ta a kan teburin da ake ajiye fulas, kiɗa ya tashi garau. Da an bar shi haka, da an zauna lafiya. Sai ga abokinsa da ake kira Injiniya, wanda ya samo sunan tun ranar da ya gyara wata fanka ta kwana biyu kafin ta kama da wuta.

Injiniya ya saurara, ya karkata kai, ya ja tsaki.

"Inji mai kyau, amma ka kashe shi da teburin nan. Katakon ne ke shanye sautin. Ba ka ji yana rawa ba?"

"Ai tun jiya nake jin wani abu-abu," in ji Kawu, wanda a jiyan aka yi ta buga masa ƙofa har baƙon ya gaji ya tafi.

Daga nan gidan ya shiga uku. Kafinta ya haɗa mazauni na katako mai kauri, Kawu ya ce sautin ya yi duhu. Mai walda ya ƙera na ƙarfe, aka ɗura yashi a ƙafafunsa, yashin ma sai da aka tankaɗe shi da rariyar Inna, matar Kawu. Ya ce yanzu kuma sautin ya yi sanyi. Aka gwada gilashi. Aka tsaga ƙwallon jikokinsa gida biyu aka kifa a ƙarƙashi, jikokin na kuka, shi yana ce musu su yi shiru yana aiki.

Duk wanda ya zo gaisuwa, sai an zaunar da shi a kujerar tsakiya. Kawu zai sa waƙa, kafin ta kai amshi ya kashe, ya durƙusa ya cusa wani abu a ƙarƙashin injin, ya mayar da ita farko.

"To yanzu fa?"

Sau ɗaya na yi gangancin ce masa ban ji bambanci ba. Ya dube ni irin kallon da ake wa majinyaci.

"Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Kunnen gidan ubanki kika ɗauko."

Tun daga ranar nake jin bambanci ƙwarai, wani lokaci ma kafin ya kunna.

Inna ce kawai ba ta lallashi. "Malam, farkon waƙar nan dai na haddace shi. Shin mawaƙin yana da abin da ya faɗa a gaba, ko nan ya tsaya?"

Ana haka Injiniya ya zo da fatawa ta ƙarshe: babu abin da ke riƙe sauti sai dutse. Kawu ya samo wani faffaɗan marmara da ya yi saura a wurin gini. 'Yan dako suka sauke shi a bakin ƙofa, ya hana su shiga da shi, wai ba su san darajarsa ba, za su gwara shi. Ya sauke amfilifayar ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya ja dutsen har tsakiyar falo. Da ya sunkuya zai ɗaga, bayansa ya ce ƙas. Wannan sautin kam kowa ya ji shi.

Likita ya ce ya kwanta a miƙe, kada ya motsa. Injiniya ya zo dubiya, ya bayyana cewa ba haka ake ɗaga dutse ba, ya shanye shayin majinyaci, ya tafi.

Daga kan gado Kawu ya ci gaba da mulki. Ranar da na je, ya sa Inna ta kunna injin ta bar ƙofar ɗaki a buɗe.

"Kin ɗora ta a kan dutsen?"

"Na ɗora," in ji Inna. Amfilifayar na ƙasa inda ya bar ta, dutsen kuwa kwandon ɗinkinta ne a kai.

"Matsar da ita hagu kaɗan."

Inna ta tura kujera da ƙafa ta yi ƙiii. "Na matsar."

"Yauwa! Kin ji yadda ya buɗe?"

"Na ji, Malam. Har iska ke shigowa."

Da yake babu halin tashi ya kashe, waƙar ta wuce amshi, ta yi ta tafiya har ƙarshe. Dab da ƙarewarta, da muka daina jin umarninsa, na leƙa. Yana kwance ido rufe, babban yatsan ƙafarsa na bin kiɗan, leɓensa na motsi.

"Ashe har da sarewa a ƙarshenta," ya ce a hankali.

"Tun muna amarci take nan," in ji Inna, ba ta ko ɗago daga ɗinkinta ba.

Na koma gida na gaya wa mahaifiyata cewa ƙanenta ya warke daga ciwo biyu. Ta ce ban san shi ba.

Yana miƙewa ya tara mu, har da Injiniya, ya sanar da abin da ya gano a jinya. Bai taɓa jin sauti mai daɗi kamar na kan gadon nan ba. Saboda haka duk duniya an yi kuskure: ba inji ne ke buƙatar mazauni ba, mai sauraro ne. Washegari kafinta ya zo da tef ya auna ƙafafun gado.

Yanzu gadon ya ƙara tsawo sau uku ana neman inda sauti ya fi zama. Inna da kujera take hawa.