Saƙon gwaji ya tashi Madarumfa

Jama'a, yau manhajata ta tayar da hankalin gari!

Kun san wadda na rubuta don gargaɗin masu lambu idan gulbi zai cika. Da hantsi ina gwada ta, ashe ban cire lambobin mutane ba. Saƙo ya tafi wa kowa: "Ruwa ya taho, ku kwashe kayanku."

Nan take ƙanwata Hadiza ta kira. "Yaya, kowa na gudu da injin ban-ruwa a amalanke! Kawu Sani ya fara tuge albasarsa, ko ƙosawa ba ta yi ba!"

Albasar nan ita ce abincin gidansa na bana. Na aika saƙo na biyu cewa gwaji ne. Na kira Kawu, rezo, wato layin waya, na yankewa. Da ƙyar ya ɗauka.

"Kawu, ku dakata! Babu ruwa, ni na aiko duka biyun."

Ya ce, "Ɗana, na farkon dai naka ne. Na biyun manya suka sa ka, kada a ce sun yi sakaci."

Ya kashe waya!

Ga ni kan moto, babur ɗina, zuwa lambun. Hadiza ta ce Kawu ya riga ya tuge rabin fili.