Fijon Kawu da Sabuwar Katanga

Ranar da tsohuwar Fijon Kawu Sale ta tashi, sai da rabin ƙauyenmu na gefen Bunkure ya zo kallo.

Shekara biyu yana fama da ita a tsakar gida. Ya kankare tsatsa, ya yi fenti, ya sake wayoyi, ya sauke inji ya mayar. Har ya rantse a majalisa cewa tumatirinsa na bana ita za ta kai kasuwa. Ga kwanduna an jere a waje, rana tana dukansu.

Abu ɗaya ya manta. Bara da ruwa ya ci katangar gidan, shi da kansa ya gina sabuwa, ya bar ƙofar da babur kaɗai ke wucewa.

Ya tuƙo har bakin ƙofa, ya taka birki. Ni kuwa dariya har da riƙe ciki.

Ya leƙo ta taga. "Kai Habu, dariyar me kake yi?"

Na ce, "Kawu, tun ranar ginin na auna da igiya, na ga ba za ta wuce ba."

"Shekara guda ka sani, ja'iri?"

"Ai ba ka tambaye ni ba, Kawu."

Bai yi faɗa ba, diga kawai ya miƙo min. Ni na rushe katangar, tumatir ya isa kasuwa kafin azahar, na kuma shafe sati ina kwaɓa ƙasa ni kaɗai.

Jama'a, tsakani da Allah, mai gini ne da laifi ko mai awo?